Neman Taken Mara Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Magani da Kiɗa

Aikina a nan Maradi shi ne taimaka wa mutane su sake koyon tafiya da motsa gaɓoɓi bayan ciwo ya kwantar da su. Ni ba mai magani da kiɗa ba ce. Waccan sana'a ce mai zaman kanta, da karatunta da takardarta, Faransawa na ce mata muzikoterapi, kuma ba ta bazu a ƙasarmu ba tukuna. Sai dai na daɗe ina bin diddigin yadda masu ita suke aiki, ina ɗan tsinto abin da zai amfane ni. Tun da dangin marasa lafiya suka lura ina tafa wa mutanensu hannu in suna jan ƙafa, tambaya ba ta ƙare ba: wasu don son sani, wasu da zargi, wasu kuma don dai su yi dariya. Ga waɗanda suka fi dawowa.

Mene ne bambancinsa da makaɗin da muka saba gani?

Makaɗin biki ya zo ne ya cika fili. Shi ne gaba, jama'a na biye da shi, in ya ɗaga kiɗa a ɗaga ƙafa, in ya sauke a sauke, a yi masa liƙi ya kama gabansa. Mai magani da kiɗa ya kifar da wannan tsari. Mara lafiya ne gaba, shi yana baya. In yaro ya buga ƙwarya sau biyu ya tsaya, shi ma sai ya buga sau biyu ya tsaya, ya jira ya ga abin da yaron zai yi. Kunne ya fi hannu wahala a wannan aiki.

Amma akwai inda suka yi tarayya, wato take. Bahaushe ya san take: mahauta da kalangunsu, manoma da gangar noma, ɗan kokowa da kiɗan da in an taɓa masa shi lokacin gasar takobi ba mai iya riƙe shi. Makaɗin kirki ya san wane kiɗa ne ke tayar wa wane tsikar jiki. Abin da mai magani da kiɗa yake nema ke nan, taken wannan mutum da ke gabansa. Sai dai wannan take ba gadonsa aka yi ba, kuma ba wanda ya taɓa tsara shi. A numfashin mutum ake tsintarsa, da yadda yake rausaya jiki in ya zauna, da ƙwanƙwasar yatsa a gefen gado, wani lokaci ma a cikin kukansa.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa. Makaɗa sun riƙa shiga asibitocin sojoji suna yi wa masu rauni wasa. Likitoci suka ga ana samun sauƙi, suka kuma ga matsala: mutum ya iya kiɗa, amma bai san abin yi ba in sojan da yake yi wa kiɗan ya fashe da kuka. Daga nan aka fara karantar da abin a jami'ar jihar Mishigan a 1944, aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1950, sannan ta duniya baki ɗaya a birnin Jenowa na Italiya a 1985.

Ta yaya zai fahimci wanda ba ya magana, ko wanda ya ƙi yi?

Labarin zuciya a tambayi fuska. Shi kuwa har hannu da ƙafa da numfashi yake tambaya. Yana lura da inda mutum ya zaɓa ya zauna, bakin ƙofa ko can ƙurya. Yana duba yadda ya riƙe sandar kiɗa, ya damƙe ta kamar za a ƙwace, ko ya ɗosana mata yatsu kamar tana da zafi. Wani ya yi ta bugu da sauri ba ya barin ko ƴar kafa da wani zai shigo. Wani kuma ba ya bugawa sai an buga, amshi kawai ya iya. Sau da yawa haka mutumin yake zaune da mutane a gida ma.

Gwanin sana'ar ba ya gaggawar fassara. Bugu da ƙarfi na iya zama fushi, na iya zama murna, na iya zama kunnen ne ba ya ji sosai. Sai tafiya ta yi tafiya yake gane wanne ne.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Mishigan, Ira Altshuler, ya kafa wata ƙa'ida a shekarun 1940 da har yanzu ake aiki da ita: a fara daga inda mutum yake. Mai baƙin ciki ba a tarbarsa da kiɗan biki. A fara masa da sanyi daidai sanyinsa, sai ya yarda an ji shi, sannan a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Wanda hankalinsa ya tashi kuwa a fara da saurinsa, a sauko da shi a hankali. Mu ma mun san haka. Mai hankali in ya shiga gidan makoki yakan sassauta murya kafin ya ce komai.

Waɗanda suka fi zurfafa wannan su ne Paul Nordoff, makaɗin fiyano Ba'amurke, da Clive Robbins, malamin yara masu naƙasa ɗan Ingila, da suka fara aiki tare a 1959 a wani gidan renon irin waɗannan yara a Ingila. Yaro na ihu, Nordoff sai ya kamo muryar ihun a fiyano ya gina waƙa a kanta. Yaro ya doki ganga ba tsari, shi kuma ya bi dukan nan har ya zama kiɗa. Ran da yaron ya tsaya ya waiga, ya gane cewa abin da yake yi ne wani ke amsawa, ran nan aikin ya fara. Sun yi imani cewa duk tsananin naƙasar yaro, akwai wani sashe a cikinsa da ke amsa kiɗa wanda ciwon bai taɓa ba, kuma da wannan sashen suke magana. Sukan naɗi sautin kowane zama, su koma su saurare shi daki-daki, don abin da kunne ya tsallake a ɗaki.

Masana halayyar jarirai, irin su Daniel Stern a shekarun 1980, sun nuna cewa tushen abin tsakanin uwa da jariri yake. Jariri ya ce “aaa”, uwa ta mayar masa da “aaa” daidai tsawonta, ko ta jijjiga shi daidai ƙarfin kukansa. Kowace mai goyo a Bagalam ko Zariya tana yin haka ba tare da ta taɓa jin sunan Stern ba.

Me ake yi a zaman farko?

Tambaya ta fi kiɗa yawa. A ina aka haife shi, mece ce sana'arsa, me yake saurare a rediyo, me uwarsa take rera masa, sannan babbar tambaya: me ba ya son ji? In ba ya magana, dangi ake tambaya. A duba takardun likita, a tsayar da abin da ake nema, misali ya riƙa haɗa ido, ko ya iya neman ruwa da bakinsa, ko barci ya samu.

Sai a baza kayan kiɗa masu sauƙi a tabarma, ƙwarya, caki, ƴar ganga, a bar shi ya zaɓa. In bai taɓa ko ɗaya ba ma an ƙaru, an san wani abu game da shi. Zama kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, yawanci sau ɗaya ko biyu a mako, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a buɗe da waƙa ɗaya a rufe da waƙa ɗaya. Maimaicin da gangan ne. Wanda duniya ta birkice masa yana samun natsuwa in ya san abin da ke zuwa.

Shiru ma yana cikin aikin. Sabon shiga ne ke tsoron shiru, ya yi ta cike shi da kiɗa.

Babana ba zai taɓa riƙe ganga ba. Shi ke nan ba shi da rabo?

Wannan tambaya tamu ce, littattafan Turai ba su san da ita ba. A wurinmu kiɗa gado ne, yana da gidajensa. Dattijon da ya fito gidan sarauta ko gidan malamai, in ka miƙa masa kalangu kamar ka zage shi ne. Wanda ya fahimci mutane ba zai miƙa ba tun farko. Akwai tafi, akwai ƙwanƙwasa sandar da yake dogarawa a ƙasa, akwai kaɗa kai, akwai saurare kawai. Duk sun isa a yi aiki da su. Kuma ba a neman iyawa. Ba gasa aka zo ba, ba wanda zai ce ya ɓata kiɗa.

Haka maganar suna. A Turai sukan buɗe zama da waƙar gaisuwa a saka sunan mara lafiya a ciki. A nan, yarinya kamata ba ta rera sunan sa'an ubanta gatsal, kuma uwa ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba ko a waƙa ne. Sai a ce Baba, ko Malam, ko Alhaji, ko laƙabin da gida ke kiran yaron da shi. Wanda ya kwaso tsarin Turai ɗungurungum ya sauke a Maradi, kunya za ta kore masa mutane tun ranar farko, shi kuma ya rubuta a takarda cewa ba su ba da haɗin kai ba.

Wannan ba bori ba ne aka sa wa farar riga?

Ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ba na ganin laifin mai yin ta. Maradi ta yi suna a bori. Iya a fadar Maradi da Inna a Tibiri su ne a al'ada ke shugabantar ƴan bori, kuma har Turawa masu bincike, irin su Jacqueline Monfouga-Nicolas da Veit Erlmann, sun zo nan musamman don nazarinsa. A bori ma akwai mara lafiya, akwai mai goge ko garaya, akwai ƙwarya, kuma kowane iska da takensa.

To amma duba wanda ake yi wa kiɗan. Mai gogen bori taken iska yake kaɗawa, yana kiransa ya sauko, kuma alamar an dace ita ce mutum ya fita hayyacinsa. Mai magani da kiɗa ba ya kiran kowa daga wani wuri. Mutumin yake so ya kasance a ɗakin, cikin hayyacinsa, yana ji yana amsawa. In ya ga ido ya fara juyewa, jiki na neman tafiya, sai ya sassauta ko ya tsaya, ya dawo da shi. Bayaninsa kan ciwo ma na asibiti ne: jijiya, ƙwaƙwalwa, firgici, damuwa.

Abin da na yarda ya sa mutane da dama suke jin sauƙi a can, musamman mata, shi ne a wannan taron kowa ya maida hankali a kan mara lafiya, ba a bar ta ita kaɗai a ɗaki ba. Wannan kam masu magani da kiɗa ma sun san darajarsa.

In mara lafiya ya ce iska ce ta taɓa shi, mai sana'ar ba ya zama musu da shi, ba ya kuma gaskata masa don ya ji daɗi. Yana saurare, don a cikin maganar zai ji abin da mutumin yake tsoro. Amma in ya ga alamun farfaɗiya, wajibinsa ne ya tura wurin likita, don farfaɗiya tana da magani. Sannan a garin nan, ni dai ba zan shigar da goge ɗakin mara lafiya ba sai na san gidan sarai. Sautinsa kawai ya isa ya tayar wa wani da abin da ba a yi niyya ba, ko ya sa maigida ya rufe ƙofa.

Addini fa? Malaminmu ya ce kiɗa haramun ne.

Ni ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Saɓanin tsoho ne: malamai da yawa sun hana kayan kiɗa, wasu irin su Imam Gazali da Ibn Hazm sun sassauta, ƴan Kadiriyya kuma da bandiri suke zikiri. A tarihi, Al-Kindi da Al-Farabi sun yi rubutu kan tasirin sauti a ran mutum, kuma asibitin da Sarkin Musulmin Usmaniyya Bayazid na biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya, wanda aka gama a 1488, ya shahara da yi wa masu taɓin hankali kiɗa tare da ƙarar ruwa.

Abin da ya shafi tambayarmu shi ne, mai magani da kiɗa ba shi da hurumin canza wa mutum fahimtarsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abu ba, abin ba zai zame masa magani ba. Damuwa za a ƙara masa. Sai a ajiye kayan kiɗa a yi aiki da murya zalla: ƙasida, waƙoƙin makarantar Islamiyya, waƙar reno, ko ƙidaya da tafi. Karatun Alƙur'ani kuwa matsayinsa daban, ba waƙa ba ne, kuma mai sana'ar da ya san inda yake ba zai jera shi cikin kayan aikinsa ba. In dangi sun ce ko muryar ma a'a, to a'a ce.

Kawunmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya magana, amma yana iya waƙa. Yaya haka?

Na gani da idona a gidanmu. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a bakin gulbi. Ya faɗi wata rana da hantsi, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa: “to”. Yunwa “to”, fitsari “to”, fushi ma “to”. Yana gane duk abin da ake faɗi, amsar ce ba ta fita, sai hawaye. Wata rana da la'asar mahaifiyata na zaune gefensa tana ɓarar gujiya, tana ɗan rera wata waƙar gayya ta ƙauyensu, ba ma da shi take ba. Da ta kai wurin amshi, sai muka ji murya daga kan gado ta karɓa, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Kwanon ya kusa suɓuce mata. Ta ce, “Yaya, kai ne?” Ya dube ta ya ce, “To.”

Dalilin shi ne, a yawancin mutane magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, shi ne kuma ke juya ɓarin dama na jiki. Shi ya sa su biyun sukan tafi tare. Waƙa kuwa tana bi ta ɓangarorin biyu, kuma wadda aka haddace tun ƙuruciya tana fitowa a dunƙule. A 1973 wasu masana a Bostan suka gina hanyar jinya a kan haka: a ɗauki gajeren zance na yau da kullum, a rera shi a hankali da murya biyu, sama da ƙasa, ana ɗan bubbuga hannun hagu na mara lafiya a kan kowace gaɓa, sannan a riƙa janye waƙar har magana ta rage. Ta fi amfanar wanda yake ganewa amma furuci ya gagare shi. Tsohuwar ƴar majalisar Amurka Gabrielle Giffords, da aka harba a ka a 2011, waƙa na cikin abin da aka yi amfani da shi wajen dawo mata da magana.

Ga mu Hausawa akwai ƙarin lura. Harshenmu da kansa yana hawa yana sauka, shi ya sa kalangu ke iya magana. Kukan yaro da kukar miya, muryar ce ta raba su. Don haka rerawar dole ta bi hawa da saukar kalmar, in ba haka ba a koya wa mutum abin da ba wanda zai gane.

Tafiya ma haka. Michael Thaut da abokan aikinsa a Kolorado sun nuna a shekarun 1990 cewa bugu mai tsari yana daidaita takun masu ciwon Fakinsan, mai sa karkarwa, da masu shanyewar jiki. Tafin da nake yi ke nan. Amma sai na fara ƙirga takun mutum na kansa, na tafa daidai da shi, sannan na ƙara sauri kaɗan. In na fara da saurina, faɗuwa zai yi.

Bari in faɗi kuskurena. Ranar Juma'a ƴan dubiya suka cika ɗaki, murna ta ɗebe ni na ce, “Kawu, yi musu waƙar nan su ji.” Ya dube ni, ya juya fuska bango. Kwanaki ko “to” ɗin ba mu ji ba. Mahaifiyata ta ja ni waje ta ce, “Ke, yayana kika mayar ɗan wasa?” Abin da masu sana'ar suke koyo tun shekarar farko, ni sai da na ɓata wa dattijo rai na koye shi.

Tsohuwarmu ta ruɗe, ba ta gane jikokinta. Zai dawo mata da tunani?

A'a. Ciwon mantuwa na tsufa ba ya komawa baya saboda waƙa. Amma waƙoƙin ƙuruciya na cikin abin da ke jimawa bai goge ba, kuma bincike ya nuna zaman kiɗa yana rage wa irin waɗannan tsofaffi baƙin ciki. Tsohuwar da ba ta san ranar yau ba tana iya kawo waƙar gaɗa tun daga farko, hannunta na neman tafi. Mai sana'ar ba ya gyara mata baiti, ba ya ce mata “Inna, kin tuna ni?” don jarrabawa ce da za ta faɗi. In a cikin waƙar ita budurwa ce a dandali, a can yake samunta.

Me ya sa in jariri ne suke cewa uwar ta yi waƙar, alhali su ne gwanaye?

Domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma jariri ya san muryar uwarsa tun yana ciki. A 2013 Joanne Loewy da abokan aikinta sun wallafa bincike kan bakwaini 272 a asibitoci 11 na Amurka. Sun ga kiɗa mai taushi da ake yi nan take, ana bin numfashin jaririn, yana taimaka wa bugun zuciya da barci da tsotso, kuma waƙar da iyaye suka zaɓa daga gidansu tana rage musu nasu tashin hankalin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara masu tamowa a jihar nan ya san shirun wurin. Yaro ba ya kuka, ba ya dariya, ido kawai. Uwa ta gaji, tana tunanin waɗanda ta baro a ƙauye, ta daina yi masa wasa don ba ya amsawa. Cikin matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa mai tsanani, ɗaya shi ne wasa da yaro da nuna masa ƙauna, ba madara da magani kaɗai ba. Mai magani da kiɗa a irin wannan ɗaki ba ya karɓar yaron ya nuna gwaninta, don uwar za ta ƙara jin ta gaza. Yakan zauna ƙasa kusa da ita, ya tambaye ta abin da ake rera wa yara a garinsu, ya bi ta da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Kin gani? Ke yake kallo.” Shi zai tafi, ita ce za ta koma gida da yaron.

Kiɗa zai iya cutarwa?

Ƙwarai. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako yankin Gidan Rumji gudun ƴan bindiga. Wanda ya kwana a daji yana jin harbi, bugun ganga ba zato na iya mayar da shi daren nan. Waƙar da mamaci yake so na iya buɗe ciwon da mai ita ba ta shirya taɓawa ba. Kuka ba laifi ba ne, amma wanda ya buɗe ƙofar sai ya san yadda zai rufe ta kafin mutum ya fita ɗakin. Ƙara mai yawa tana lalata ji, ta fi tsanani ga jarirai. Akwai ma wasu ƙalilan masu farfaɗiya da wani sauti ke tayar musu da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a toshe wa mara lafiya kunne da abin saurare na waya, a tafi a bar shi awa uku, alhali ba ya iya ɗaga hannu ya cire.

Ba sa shaƙuwa da marasa lafiya har abin ya wuce gona da iri?

Shaƙuwa kam dole, da ita ake aikin. Wanda kuka yi waƙa tare mako-mako ba baƙo ba ne. Shi ya sa sana'ar take da shinge. Abin da aka faɗa ko aka rera a ɗaki sirri ne. Sautin da aka naɗa na aiki ne, ba ya hawa WhatsApp ko TikTok, ko da kuwa zai sa mutane kuka su yaba. Ba liƙi, ba kirarin ƙarya. In mara lafiya bai ci gaba ba, ba a ce masa ya ci gaba. Kyauta kuwa a garinmu sai da dabara, don mayar da goro ko ƙwan zabi cin fuska ne, amma a kula kada dangi su ɗauka sai da ita za a duba nasu da kyau. Inda gida ya fi son mace ta ga mace, ko wani ya zauna a ɗakin, haka za a yi.

Shi kansa mai sana'ar yana da zuciya. Mary Priestley, da ta yi aiki a Landan a shekarun 1970, ta koyar da cewa abin da mai magani yake ji yayin da suke kiɗa tare, nauyin ƙirji, ko gajiya, ko haushin da bai san mafarinsa ba, wani lokaci saƙon mara lafiya ne da bai iya faɗi da baki ba, wani lokaci kuma nasa ne ya taho da shi daga gida. Rarrabe su ba a yi shi kaɗai. Don haka kowannensu yana da na gaba da shi a sana'a da yake kai wa aikinsa a duba.

Rabuwa ma shirya ta ake yi. Tun saura makonni ake faɗa wa mutum zaman ya kusa ƙarewa, ana ƙirgawa tare, don kada wanda aka sha bari ya ga an sake barinsa.

Gaskiya tsakani da Allah, yana warkarwa?

Wani wuri yana taimakawa, wani wuri an zuzuta shi. A Finlan, a 2011, an gwada mutum 79 masu ciwon damuwa: waɗanda aka ƙara wa zaman kiɗa har 20 a kan jinyar da aka saba sun fi samun sauƙi. Amma babban gwajin da aka wallafa a 2017 kan yara 364 masu otizim, wato lalurar da ke sa yaro wahalar magana da hulɗa da mutane, a ƙasashe 9, bai nuna ya rage alamun ciwon fiye da kulawar da aka saba ba. Masu sana'ar sun yi ta muhawara a kai, wasu na cewa ma'aunin bai auna abin da suke nema ba, wato hulɗa da jin daɗin yaron. Suna da hujja, amma sakamakon na nan.

Ba ya maye gurbin maganin hawan jini, ko na farfaɗiya, ko na zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya ce a ajiye ƙwayoyi a zo ya kaɗa, a kama hanyar gida.

Ina ake koyon sana'ar?

A Amurka digiri ne tare da awa 1200 na aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin kulawa, sannan jarrabawa. A Ingila digiri na biyu ne da rajistar hukuma. A Faransa ana karantarwa a Mompeliye da Nant da Paris. A Afirka, jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu ta buɗe nata a 1999. Cibiyar Taya da ke Yamai tana koyar da kiɗa, wanda rabin guzuri ne. Ɗaya rabin ilimin lafiya ne da na halayyar ɗan Adam.

To mu da ba mu da mai magani da kiɗa a kusa, me za mu iya yi a gida?

Ba za ku zama shi ba, amma kuna da abin da shi sai ya tambaya kafin ya samu: kun san mutumin. Ku kashe talabijin, ku rage mutane a ɗaki. Mutum ɗaya ya zauna daidai tsayin idonsa, ta ɓangaren da yake ji da gani sosai. A fara ƙasa-ƙasa, da abin da ya sani tun yana yaro, da baki ba da waya ba, don baki yana iya jira, waya ba ta jira. In an zo wurin amshi a yi shiru a ba shi wuri, ko da shirun ya yi tsawo. In ya kau da kai, ko numfashinsa ya canza, a tsaya. Minti goma sun isa. Kada a kira maƙwabta kallo.

Kawu dai sai da mahaifiyata ta yi kwana da kwanaki tana zuwa da gujiyarta, ba ta ce masa komai, kafin ya sake karɓar amshi. Ni kuma na ba shi haƙuri, ya ce “to”, na ɗauka a matsayin yafiya. Daga baya muka fara “ba ni ruwa”, ina bubbuga masa hannun hagu, gaɓa huɗu, safe da yamma. Hannun dama bai dawo ba, gona sai ƴaƴansa. Amma yanzu in yana son fura da ƴar waƙa yake nemanta, jikoki kuma daga tsakar gida su amsa masa da irin muryar, “Ga ta nan, Baba tsoho.”